Karatun Injiniya A Ƙasar Sanyi, Aiki A Ƙasar Zafi

A cikin watan Oktoba na shekarar 2016 na raka wani ɗan wana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, zai tafi ƙasar Rasha karatun injiniyan lantarki. An haife shi a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, kuma kafin wannan rana iyakacin tafiyarsa Kano, sai kuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis inda yakan raka mahaifinsa da dabbobi. A wannan kasuwa ce ma aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗar gidansu aka haɗa masa guzuri. Mahaifiyarsa ta cika masa jaka da kuka da daddawa da yaji. Ni kuma, da yake ana ganina masanin ilmin halittu, sai na shiga Kantin Kwari na zaɓo masa rigar sanyi mafi kauri da na gani. Bayan mako uku ya aiko mini da saƙo, ya ce, "Baffa, rigar nan taka a nan ta zaman ɗaki ce."

Dalilin kawo wannan labari shi ne, duk lokacin da na ziyarci wata makarantar sakandare domin yi wa ɗalibai lacca, da wuya a tashi ba a sami wanda ya tare ni a bakin mota ya tambaye ni hanyar samun karatu a ƙasar waje ba. Amma ban taɓa gamuwa da wanda ya tambaye ni abin da ke samun jikin mutum idan ya isa can ba, balle kuma abin da ke samun ilmin da ya koyo idan ya komo da shi gida. To, waɗannan abubuwa biyu nake so mu duba tare da mai karatu. Yaron ya yarda in ba da labarinsa, da sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Hanyar da ya bi tsohuwa ce. Tun a 1960 Tarayyar Sobiyet ta buɗe jami'a a Mosko musamman domin ɗalibai daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, wadda daga baya aka sa mata sunan Patrice Lumumba. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shiga tura matasa Amurka da ƙasashen Turai a cikin gaggawa domin su koyo aikin fasaha, kuma da aka ba wa 'yan Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a 1979, injiniyoyin Nijeriya masu yawa sun sami horo a can. Daga nan Arewa akwai irin su Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya gama digirin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1979, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1983, ya komo ya ba da ƙarfinsa ga binciken makamashi, musamman na hasken rana. Akwai kuma Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda tun kafin a san shi a siyasa ma'aikacin hukumar ruwa ta WRECA ne ta tsohuwar Jihar Kano, lokacin da ƙasar Gumel ke cikinta, ya kuma yi digiri na biyu a kan injiniyan ruwa a Loughborough ta Ingila.

Jarrabawar Farko Ta Jiki Ce

Jikin ɗan'adam, ko na Bagumale ne ko na Barashe, yana aiki ne a kan zafin da bai cika gocewa daga digiri 37 ba a ma'aunin Salshiyos. A nan gida aikin jiki shi ne zubar da zafi, shi ya sa muke zufa. A ƙasar sanyi kuwa aikinsa tattalin zafi ne. Da zarar sanyi ya bugi fata, sai ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da ita su tsuke, domin jini ya taru a wajen zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa yatsu da kunnuwa da hanci su ne ke fara mutuwa da sanyi, don su jiki ke fara sallamawa. Idan hakan bai wadatar ba sai makyarkyata ta biyo baya, watau tsokoki su riƙa motsi da kansu don su samar da ɗumi. Idan kuwa zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, to an shiga haɗari, tunani ya fara rikicewa, mutum ma yana iya daina jin sanyin.

Kuskuren da na yi a Kantin Kwari shi ne na ɗauka kaurin tufa ne ke tsare sanyi. Ashe abin da ke tsare shi iska ce da ta maƙale a tsakanin tufafi ba ta motsi, domin iska ba ta saurin miƙa zafi. Saboda haka riguna uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, da wata a waje mai tare iska, sun fi babbar riga guda. Malaman kimiyya za su iya nuna wa ɗalibai wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba: a cika kwalabe biyu da ruwan zafi, a naɗe ɗaya da tsumma mai kauri ɗamau, a naɗe ɗayar da tsummoki uku sako-sako, bayan rabin awa a auna. Yaron ya koyi wannan darasi a kan lokaci, don a ranar 7 ga Janairu 2017 sanyin Mosko ya kai kusan digiri 30 ƙasa da sifili.

Amma da na tambaye shi abin da ya fi wahalar da shi, bai ce sanyi ba, cewa ya yi duhu. Gumel tana kusan digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba, har ba mu cika lura da shi ba. Mosko kuwa tana wajen digiri 56. A ƙarshen Disamba yininta awa 7 ne kacal, shi ma mafi yawa a lulluɓe da gajimare. A Disambar 2017, baki ɗayan hasken rana da masu auna yanayi suka gani a birnin cikin wata guda bai kai minti 10 ba. Mai karatu ya kwatanta wannan da mutumin da ya tashi a inda ake neman inuwa ido rufe.

Akwai wani agogo a cikin ƙwaƙwalwa wanda hasken da ke shiga ido da safe ke saita shi kullum. Idan duhu ya yi, wani ɗan ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa yakan saki sinadarin melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. In safiya ta zo babu haske, sai agogon ya goce: mutum ya tashi da kasala, ya yi gyangyaɗi a aji, dare ya yi barci ya ƙi zuwa, ga wani ƙunci a rai wanda bai san dalilinsa ba. Ya ce mini ya yi watanni yana zargin kansa da lalaci da raunin zuciya, yana jin kunyar faɗa wa kowa, alhali an sayar da sa dominsa. Ni a ganina wannan shirun ya fi duhun illa. Likitocin can sun san matsalar sarai, kuma abin da suke fara ba da shawara a kai mai sauƙi ne: a fita waje da rana tsaka ko da gajimare, a motsa jiki, a tsayar da lokacin kwanciya, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a ga likita.

Har ila yau akwai batun bitamin D, wanda ƙashi ke bukata kafin ya amfana da sinadarin kalsiyam. Fata ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke yi wa laƙabi da UVB, ya sauka a kanta. Baƙin fatarmu, watau sinadarin melanin, garkuwa ce daga wannan haske, kuma a Gumel alheri ne. A ƙasashen da ke can arewa kuwa rana takan yi ƙasa-ƙasa a lokacin sanyi, har hasken ya kasa ratso sararin sama. Wani bincike da aka buga a 1988 ya nuna cewa a birnin Edmonton na Kanada, wanda bai ma kai Mosko nisa arewa ba, fata ba ta haɗa wannan bitamin daga Oktoba har Maris. Don haka baƙar fata ya fi kowa shiga hatsarin ƙarancinsa, sai ya nema a kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai, ko a ƙwayar da likita ya rubuta.

Da bazara ta zo sai al'amari ya juye. Azumin 2017 ya faɗo daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuni, daidai lokacin jarrabawa. Mu a nan muna kai awa 14 muna ƙorafi, shi kuwa kusan awa 19 yake kamewa, tsakanin buɗa baki da sahur ɗan lokaci ne da bai isa barci ba. Sai dai ya ce ƙishirwar ba ta kama ƙafar ta Gumel ba.

A Cikin Aji

Shekarar farko ba a taɓa injiniyanci, harshen Rashanci ake koya daga baƙaƙe, sa'an nan a maimaita lissafi da fizik da kemistiri a cikinsa. Ya ce a nan ne ya gode wa malamin lissafinsa na sakandare, don a watannin da ba ya jin abin da ake faɗa, alƙaluman da ke kan allo su kaɗai ne ke magana da harshen da ya sani. Ɗalibanmu su riƙe wannan da kyau. Wanda ya tafi da raunin lissafi zai yi yaƙi biyu a lokaci guda.

Abin da ya fi burge shi shi ne ɗakin gwaji. Na'urar da ya sani a zane kawai, sai ga ta a gabansa, an ce ya kwance ya ɗaura. Abin da ya fi firgita shi kuwa jarrabawar baka ce: ɗalibi ya zari takarda guda daga cikin waɗanda aka kife a tebur, a ba shi ɗan lokaci ya shirya, sa'an nan ya zauna gaban malami ya yi bayani, malamin yana tona shi da tambayoyi. Hadda ba ta ceton mutum a wannan zama.

Batun kuɗi kuwa ba zan tsawaita ba, amma tilas iyaye su san cewa ƙasa ta sauya. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar dakatar da shirin musayar ɗalibai da ta daɗe tana yi da ƙasashe irin su Rasha da Hangare da Maroko. Yaƙin Yukiren na 2022 da na Sudan na 2023 sun koro ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba. Haka kuma a Janairun 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Saboda haka kafin a kai sa kasuwa, a tabbatar jami'ar da za a tafi hukuma ta amince da ita, domin ba tare da tantancewa ba babu bautar ƙasa, babu rajista da hukumar COREN mai ba injiniyoyi izinin aiki.

Famfon Da Ke Ƙailula

Ya komo gida a daminar 2021. Mako biyu bai cika ba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwanciyar da bai taɓa yin irinta ba tun yana yaro. Wannan ma ba abin mamaki ba ne. 'Yar garkuwar da muke da ita daga wannan cuta ba ta dindindin ba ce, cizon sauro na yau da gobe ne ke sabunta ta, kuma takan yi rauni idan mutum ya shekara da shekaru inda babu cutar. Duk mai komowa ya nemi gidan sauro tun daren farko.

Bayan ya gama bautar ƙasa, mutanen wani ƙauye a yankin Gagarawa suka yi karo-karo da kuɗin riɗi, suka kira shi ya sa musu famfo mai aiki da hasken rana a rijiyar burtsatsensu. Ya haɗa aikin a Janairun 2023, cikin hunturu, ruwa ya yi ta ambaliya a tanki, aka yi ta sa wa "ɗan Rasha" albarka. Da Afrilu ta kama sai famfo ya ɓullo da wata ɗabi'a. Da safe ya yi aiki lafiya lau, da rana ta take tsaka, daidai lokacin da makiyaya ke kawo dabbobi shan ruwa, sai ya tsaya cik, ba zai tashi ba sai bayan la'asar. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, injin naka shi ma ƙailula yake yi?" Ya ce, "Baba, a ba ni kwana uku."

Ga abin da ya gano. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan farantin sola, alal misali wat 300, an auna shi ne lokacin da zafin farantin yake digiri 25. Mutane da yawa sun ɗauka zafin rana ne ke ba da wuta, alhali haske ne ke bayarwa, zafi ragewa yake yi. Duk digiri ɗaya da farantin ya ƙaru a kan 25, yakan yi asarar kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. A watan Afrilu, lokacin da iskar yankinmu ke haura digiri 40, baƙin faranti da ke shanye a rana yana iya kai digiri 65. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami: 65 a cire 25 saura 40, a ninka da 0.4, an sami kashi 16 cikin ɗari. Wat 300 ya koma wajen 250, tun ba a yi maganar ƙurar da ta kwanta a kai ba, a ƙasar da ake wata bakwai ko takwas ruwan sama bai wanke komai ba.

Bugu da ƙari, abin da zafi ya fi ragewa shi ne ƙarfin turin lantarki, wanda masu gyaran wuta ke kira boltej. A ƙasar sanyi abin da ake tsoro kishiyar wannan ne: da sanyin asuba boltej yakan hau har ya ƙona na'urar da ke sarrafa famfo. Don haka hannunsa ya saba da rage yawan farantan da ake jerawa a layi guda. Da ya yi haka a Gagarawa, sai boltej ɗin tsakar rana ya faɗo ƙasa da abin da na'urar ke bukata, ta kashe kanta. Ga shi kuma ya kulle ta a akwatin ƙarfe a tsakiyar rana.

Ba na ɗora wa malamansa laifi, kuma shi ma bai ɗora musu ba. Ƙa'idar tana cikin littafinsa, har a bayan farantin an rubuta ta. Dokokin kimiyya ɗaya ne a Mosko da Maigatari. Amma injiniyanci ba doka kaɗai ba ne, doka ce da alƙaluman wuri, kuma shekara biyar yana cusa alƙaluman wata ƙasa a cikin lissafinsa har suka zame masa jiki. A can ana binne bututun ruwa fiye da mita ɗaya a ƙasa, domin ruwa in ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin ɗari ya fasa bututu. A nan abokan gabar injiniya su ne zafi da ƙura da gara da rairayi. Batirin mota ko na sola irin na darma, wanda aka ce zai yi shekara kaza, rayuwarsa takan ragu da rabi a duk ƙarin digiri 10 ko ƙasa da haka a kan 25. Kwaltar da ta dace da titin Rasha narkewa za ta yi a hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ko layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa tun 1930 yana da nasa lissafi: ƙarfen dogo mai tsawon kilomita ɗaya yakan ƙaru da santimita 36 idan zafinsa ya hau da digiri 30, shi ya sa aka bar 'yar tazara a mahaɗar ƙarafan.

Kada kuma wanda ya yi karatu a gida ya yi dariya, don mafi yawan littattafanmu daga can suka zo. Ni kaina a littafi na fara koyon cewa itatuwa kan zubar da ganye idan ruwa ya ɗauke, alhali ga gawo a gonar mahaifina yana kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Turawa ma sun san da wannan giɓi, shi ya sa a 1971 aka kafa wata cibiya a Loughborough domin koyar da injiniyan ruwa da ya dace da ƙasashe masu tasowa. A ɗaya ɓangaren kuma ga marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, kayan lambu suka riƙa yin makonni ba su lalace ba. Dabarar ta dogara ne ga busasshiyar iskarmu, wadda ke kwashe ruwa ta tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A inda iska ke da laima ba za ta yi wani tasiri ba. Ita ce ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Gyaran famfon bai ci kuɗi mai yawa ba. Ya ƙara faranti guda a kowane layi, ya ɗaga su a kan ƙafafun ƙarfe domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ya mayar da na'urar cikin inuwa ya huda wa akwatinta tagogi, ya kuma koya wa wani yaro wanke farantan da sassafe kafin su yi zafi. Kuɗin ƙarin farantan daga aljihunsa suka fito, kuma bai yi gardama ba. Tun daga lokacin yake yawo da ma'aunin zafi da wani ɗan littafi, duk inda ya yi aiki ya rubuta zafin iska da na faranti da ƙarfe 9 da 12 da 3, da kwanakin da ƙura ke ɗauka kafin ta rage ruwa a tanki. Na duba littafin da na je gida da sallar da ta wuce, ya cika shafi wajen 60, rabi da Hausa rabi da Rashanci.

Yanzu wata matsalar ce ta taso. Ƙasar Gumel tana kan shimfiɗar rairayi da yumɓu ta kwarin Tafkin Chadi, ba irin duwatsun Dutse ko Kazaure ba, kuma lallausan rairayi yana biyo ruwa yana cinye cikin famfo a hankali. Wannan ba fannin lantarki ba ne, ba a kuma koya masa a Mosko ba. Saboda haka duk ranar Asabar yakan hau babur ya tafi Gumel wajen wani tsohon ma'aikacin haƙar burtsatse da ya yi ritaya, wanda bai taɓa ƙetare Nijeriya ba in ba Nijar ba. Tsohon yakan ɗebo tsakuwa a tafin hannu, ya nuna masa girman da ake zubawa a kewayen bututu gwargwadon laushin rairayin wurin, shi kuma yana tsugune yana rubutawa.